Yaya Sale da Shirun da Surukuta Ta Ja Mana

Shekara shida ke nan da rasuwar yayana, Alhaji Sale, dillalin shanu da kowa ya sani daga Daura har Kongolam. Da ƙafarsa ya tafi asibiti, yana tsokanata wai in ajiye masa fura mai kauri, don tun jiya an hana shi abinci.

Jini yake ɗan gani in ya zaga bayan gida. Kabiru, mijin 'yarsa Hadiza, likita ne, shi ya ce a yi gwajin nan da ake zura na'ura mai kyamara ta dubura a leƙa hanji. Yaya ya ce Allah ya kiyaye surukinsa ya ga tsiraicinsa. Sai Kabiru ya kawo wani abokin aikinsa ya yi, ya ce mana ya yarda da shi kamar kansa.

Da la'asar, bayan an sallame shi mun dawo gida, cikin Yaya ya kumbura, ya yi tauri, yana ta gumi. Ya hana a kira Kabiru, wai ina shi ina yi wa suruki zancen ciki da bayan gida. Ni ba surukin da zan ji kunyarsa yayana na murƙususu, na kira shi.

"Gwaggo, iska ce da aka hura masa, za ta fita," in ji shi. Bai zo ba.

Da muka gaji muka kai shi Katsina, likitan tiyata ya ce an huda hanjin wurin gwajin, kuma mun makara. Ya ce hakan na faruwa ko a hannun gwani, amma in an gano da wuri ana ɗinkewa.

Ba hudawar ce ke cin raina ba, hannu yana kuskure. Abin da ya biyo baya ne. Ranar addu'ar uku na ce a kira mutumin nan da ya yi gwajin ya faɗa mana abin da ya faru. Kabiru ya sunkuyar da kai ya ce hanjin Baba dama ya lalace. Ya sani, na san ya sani, amma ya zaɓi abokinsa. Dattawan gidanmu kuwa suka yi mini ca.

"Ke Binta, so kike ki kashe wa Hadiza aure? A bar wa Allah."

Aka shafa fatiha, aka ce mun yafe, alhali ba wanda ya amsa laifi balle ya nemi yafiya.

Yaya mutum ne da in zai sayar da saniya mai tari sai ya faɗa wa mai saye, ko cinikin zai watse. Ina tunanin me zai ce yau da ya ga har yanzu ana sallamar mutane bayan gwajin nan ba a ce musu, in ciki ya kumbura ku dawo da gudu. Bara an yi wa wata mata daga Baure gwajin a wurin mutumin nan, ita ma ba ta tashi ba.

Auren Hadiza na nan lafiya, har sun sa wa ɗansu sunan Yaya. Kabiru kan kawo shi gaishe ni da sallah, ya durƙusa har ƙasa, ina amsawa. Yaron ya fara wayo, kwanan nan ya tambaye ni me ya kashe mai sunansa. Na dubi ubansa na ce, "Ga likita nan, tambaye shi."