An Hana Ni Shiga Barka Saboda Kunun Kanwa

Jama'a, yau saura ƙiris a killace ni da ƙoshin lafiyata!

Ƙanwata Rabi ce ta haihu a wani asibiti nan Kontagora. Na dama mata kunun kanwa, na zuba a langa, na ɗora a kai, na taho cikin rana.

Ina isa ƙofa mai gadi ya nuna mini wata aba kamar bindiga a goshi. Ta yi ƙara, ta kawo ja!

Ya ja da baya. "Hajiya, zazzaɓi! Ba shiga. Koma gefe, za a zo a ɗauke ki."

Na ce, "Abin da ko taɓa ni bai yi ba, uban wa ya gaya masa? Wa ya turo ka?"

Hayaniyarmu ta fito da wata nas. Ta ce, "Mama, in kin kusanci murhu ba kya jin zafinsa tun ba ki taɓa ba? Haka fata take fitar da zafi, shi na'urar ke kamawa. Rana da langar nan ne suka gasa miki goshi."

Ban yarda ba. Na ce a gwada langar. Aka nuna mata, abu ya rikice da ƙara!

Na ce, "To, kunun za ku killace."

Na sauke, na huta a inuwa. Aka sake aunawa: kore, lafiya lau.

Zan wuce kenan mai gadin ya miƙo kofi, wai in sam masa. Ashe tun farko langar yake kallo!

Na ce, "Malam, auna shi daga nesa. Ai ba sai ka taɓa ba."