Sunan Ƙuduji na Boko

Duk 'yan gidanmu sun ɗauka gurbin karatu nake nema, shi ya sa nake ta hawa mota daga Damba zuwa jami'a. Inna har ta fara yi mini addu'ar samu. Ni kuwa ƙuduji ne ya kai ni, ciyawar nan mai shanye dawa. Ya cika gonarmu ta Wanke, dawa ta tsaya iya gwiwa, shi yana ta fure kamar shi aka shuka. Baba ya ce ya gaji, baɗi zai bar wa wani gonar. Gonar kakanmu ce. Na kasa zama.

Taubashiyata, ɗiyar kawuna, a can take karatu. Ita ta ce mini masana na rubuta bincikensu a mujallu, ana samu a ɗakin karatu. Na zaci irin mujallar ɗinki ce, in ɗauka in buɗa. Sai ta zaunar da ni gaban kwamfuta, ta shiga da lambarta.

Na rubuta ƙuduji. Babu. Na cire wa k ƙugiya na sake. Babu.

"Kwamfutar ba ta jin Zamfarci, baƙauya," in ji ta.

"Ke da kike jin na birni, zo ki rubuta mana."

Matar da ke kula da wurin, wata Bakanuwa, ta ji mu ta matso. "'Yan mata, mene ne kuma ƙuduji?"

Na kwatanta mata.

"Au, wuta-wuta kike nufi."

"Hajiya, ko me kuke ce masa, gonarmu yake ci."

Ta rubuta wuta-wuta, shi ma bai fito da komai ba. Ta yi dariya ta ce ashe kwamfutar ko Kananci ma ba ta ji. Ta ce masu wannan rubutu suna da sunan da suke kiran kowace ciyawa da shi. Ta duba wayarta, ta dawo ta rubuta striga. Takardu suka zubo har na rasa ƙarshensu.

Haushi ya kama ni. Ashe an daɗe ana rubutu a kan abin da ke kashe mana gona, ba wanda ya taɓa leƙo mu da labari. Wasu takardun a kulle suke, sai taƙaitaccen bayani a sama. Turancin kuma ya fi ƙarfin na sakandarena. Na yi ta tsallake layi, ina kaɗa ƙafa, ina tambayar taubashiyata har ta fara tsaki.

Abin da na tsinta kaɗan ne. Irinsa na daɗewa a ƙasa shekaru. A tuge shi kafin ya yi fure, mu kuwa sai ya gama muke tugewa mu yar cikin kunyar gona. Kuma shuka waken suya a gona na rage shi.

Na yanke shawarar ba zan kai wa Baba Turanci ba. Zan je Wanke in same shi a gona in roƙe shi ya dakata damina ɗaya, ya ba ni gefen da ya fi lalacewa in shuka waken suya.