Hanyar Da Na Zana A Gaɓar Essex

A Yauri aka haife ni, gidan masunta, kuma na iya riƙe filafili tun kafin in iya ɗaure wando. Amma shekara ashirin da wani abu da na yi a London, ban san wani ruwa ba sai Thames, shi ma ta gilashi nake hango shi idan na biyo da bas ta Woolwich. Tuƙin bas ne sana'ata.

Ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, likita ne a wani asibiti can arewacin gari. Na girme shi da shekara tara. Da ya zo ƙasar nan a flat ɗina na Plumstead ya sauka, ya yi shekara guda da 'yan watanni yana karatun jarrabawa a teburin cin abincinmu, har Allah ya ba shi sa'a ya tashi. Daga nan ganinsa ya koma sai da Sallah ko suna.

Da Baba ya rasu, babu wanda ya samu jana'iza a cikinmu. A falona muka zauna karɓar gaisuwa. Ranar uku, bayan mutane sun watse, ya matso kusa da ni ya buɗe wata taswira a wayarsa. Ta masu yawo da ƙananan kwalekwalen roba ce, irin mai cin mutum ɗaya ko biyu, wanda ake kira kayak. In ka taɓa wuri a bakin teku, sai ta nuna maka inda ake saukar da jirgi, da lokacin da ruwa ke cika da lokacin da yake janyewa, da inda iska za ta kaɗo. Ya ce rabonmu da shiga jirgi ɗaya tun yana firamare, mu shirya mu je mu biyu, ko don Baba. Na gyaɗa kai.

Na ɗauki maganar da nauyi, wataƙila fiye da yadda ya faɗe ta. Duk hutun da na samu tsakanin zuwa da dawowa, ina kujerar direba ina jan taswira da yatsa. Kogin gida gabas ko yamma, hanyarsa ɗaya ce, ka san inda ya nufa. Ruwan teku kuwa sau biyu a rana yake shigowa ya fita, in ka yi lattin rabin awa sai ka tarar babu komai sai taɓo iya ganinka. Sai da na yi watanni kafin lissafin ya zauna min. Wani abokin aikina ɗan Kumasi kullum ya gan ni sai ya yi dariya, ya ce da wannan tumbin nawa jirgin roba ba zai ɗauke ni ba. Na rage tuwo. Na yi rajistar kwana biyu a wurin koyo da ke gabashin London, aka kifar da ni cikin ruwan sanyi sau biyar a gaban sa'o'in 'yata, ni da aka haifa a bakin kogin Kwara. Na haɗiye, don na san abin da nake nema.

A ƙarshe na zana mana hanya a gaɓar Essex, gabas da London: mu shiga ta wani ɗan rafi, mu bi gefen tsibiri, mu tsaya kan wani tudun tsakuwa, mu juyo kafin ruwa ya janye. Kowane wuri na dasa masa jar alama da bayani da Hausa. Nan za mu yi azahar. Nan akwai igiyar ruwa, a riƙe hagu. Kada ƙarfe biyu ta same mu a nan. Na tura masa, na buɗe masa dama ya gyara abin da ya ga dama. Ya aiko da hoton babban yatsa.

Sau uku muna sa rana. Biyu ya ce an kira shi aiki, ɗaya kuma ni aka canja wa jadawali, ya ce ba komai.

Wata Lahadi cikin zafi, ina hutu a ƙarshen layi, waya ta yi ƙara. Sanarwa ce cewa an ƙara hotuna a taswirarmu. Na buɗe da murna, na zaci wani sabon wuri ya gano.

Kowace jar alama da na dasa, akwai hoto a ƙarƙashinta. Ga ƙanena nan cikin rigar ruwa, da wasu mutum huɗu, irin manyan Abuja masu gidaje a London da ke zuwa hutu da iyali. Biyu daga ciki na san fuskarsu daga bikin sunan ɗansa, inda aka zaunar da su a falon ciki. A kan tudun tsakuwata sun shimfiɗa darduma, sun jera kuloli. Bayanan da na rubuta duk ya goge, ya mayar da su Turanci. A ƙasan hoton ƙarshe ɗayansu ya rubuta yabo, ya tambayi wanda ya tsara hanyar. Ƙanena ya amsa cewa wani direba da ya sani ne ya taimaka masa.

Na karanta layin ya fi sau goma. Babu ƙarya a ciki, direba ne ni, kuma ya san ni. Ya manta ne kawai cewa har yanzu ina kan taswirar, kuma ba ta ɓoye wa kowa komai. Ranar na wuce tasha biyu ban tsaya ba, fasinjoji suna ta danna ƙararrawa.

Kwana biyu na yi kafin in kira shi. Ya fara da cewa abin ne ya zo ba shiri, baƙi suka matsa, yanayi kuma ya yi kyau. Na bar shi ya gama. Na tambaye shi ko jiragen ne suka ƙare, babu wurin mutum na shida.

Ya ce, "Yaya, ba irin mutanenka ba ne. Da ka je za ka takura."

Na ce, "Ni zan takura, ko kai?"

Na ji ana kiransa ta lasifikar asibiti, ya ce zai neme ni anjima. Da yamma na duba, ya cire hotunan da amsar, ya bar hanyar.

Matata ta yi ta ba ni baki, ta ce jini ɗaya ne, kada in bari abin wasa ya raba mu. Ban yi musu da ita ba. Ban kuma iya yi mata bayanin cewa ba tekun ne ya dame ni ba, sai na bari kawai.

Da Babbar Sallah ya zo da iyalinsa, da cinyar rago a leda. Muka ci abinci, muka yi hirar cunkoson hanya da makarantun yara. Da zai tafi na raka shi bakin mota. Ya riƙe ƙofa yana kallon ƙasa, ya ce baɗi in Allah ya yarda za mu je, mu biyu kawai, wannan karon shi zai yi komai. Na ce Allah ya kai mu. Na tsaya har ya sha kwana, sannan na hau sama na goge takalmin aiki, don washegari ni ke da fitar asuba.