Barewar Da Na So A Yanka Da Rai

Assalamu alaikum Edita. Abin da na shiga daji da shi a waccan ranar ba shi da yawa: bindiga ɗaya, harsashi biyar, da aminin da muka yi shekara goma sha tara tare, mahauci mai ciyar da mutum shida da hannunsa na dama. Ni kuwa a lokacin dillalin tsofaffin motoci ne a Port Richmond, wata unguwa a tsibirin da nake zaune a nan ƙasar Turawa, ina saye ina lodawa a jirgin ruwa zuwa Kwatano. Da jaka ɗaya na baro Maraɗi, na fara da tallan hula da tabarau a bakin tashar jirgin ruwa ta St. George, har Allah ya ba ni fili nawa. Wannan ya sa na yarda da kaina fiye da kima. In na saurari inji na minti ɗaya na san ciwonsa, sai na ɗauka haka kowane abu yake a duniya.

A tsibirinmu barewa har bayan gida take zuwa tana cin furannin mutane, amma doka ta hana a taɓa ta. Sai ka fita daga birni ka yi arewa, lokacin da aka buɗe farauta a farkon sanyi. Na daɗe ina kallon naman nan yana yawo a banza, har na nemi izinin mallakar doguwar bindiga, na zauna darasin mafarauta, na karɓi lasisi. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Tun ina gida na taso da sanin cewa dabbar da ta mutu wuƙa ba ta hau wuyanta ba mushe ce. Ban tambayi kowane malami ba. Na zauna ni kaɗai na yi dabarata ta dillali: in nemi bindigar da za ta kayar da barewa amma ta bar ta da numfashi har a yanka.

Mai shagon bindigogin da na je wurinsa wani tsohon Bature ne mai haƙuri. Ya jera mini bindigogi masu liba, irin waɗanda kake jan mariƙin ƙasa ka mayar, ɓawon harsashi ya fita wani ya hau. Ya ce akwai masu cin harsashin doguwar bindiga, akwai kuma masu cin harsashin fistol, wato ƙaramar bindigar hannu, kuma su ma iri biyu ne, mai kauri da siriri. Masu harsashin fistol ba su da nauyi, ba sa dukan kafaɗa, sun dace da daji mai duhu, amma ya ja kunnena sau biyu cewa in dabba ta wuce taku ɗari harsashin ya fara gajiya yana faɗuwa, kada in harba. Ya ce in dai barewa nake nufi, in ɗauki mai kaurin, in nemi bayan kafaɗa, ta mutu nan take ba ta wahala ba. Na gyaɗa kai kamar ina jin sa, na nuna siririn. Ya tambaye ni dalili, na ce kafaɗata ce ke ciwo. Kunya ta hana ni faɗa masa cewa abin da yake kira aibu shi na zo saye.

Aminina mutumin zangon Kumasi ne, yana zaune a unguwar University Heights, yana aiki a wani shagon naman halal. Sarkin Fawa nake kiransa, shi kuma ya ce da ni Alhaji Injin Ya Ƙone. Da na gaya masa shirina ya yi dariya har da hawaye, ya ce tun da yake bai taɓa ganin mutumin Nijar ya jefi kaza ya samu ba, amma zai bi ni don kada nama ya lalace a hannun makanike. Ya wasa wuƙarsa ta Babbar Sallah, matarsa ta zuba mana waake, wato shinkafa da wake irin nasu, da yajin shito a kula, ta ce mu kawo mata cinya. Wani manomi da na taɓa sayar wa akori-kura shi ya ba mu izinin shiga gonarsa.

Da hantsi muka gan shi, ƙaton namijin barewa mai ƙaho kamar reshen bishiya, a can ƙarshen gonar masarar da aka girbe. Ko makaho ya san nisansa ya kusa taku ɗari biyu. Aminina ya raɗa mini cewa mu bari ya matso. Na ce masa in muka jira sai dai mu ci waake mu koma. Na yi bisimilla, kuma da gangan na kauce wa kafaɗar na auna ƙugu. Harsashin ya sauka ƙasa da inda na nufa, ya shiga ciki. Dabbar ta yi tsalle, ta ruga cikin ƙaya tana jan ƙafa. Hannuna ya ja liba da kansa kamar yadda na saba a filin gwaji, wani harsashi ya hau, ban ma lura ba.

Mun fi rabin awa muna bin jini a kan busassun ganye. Jinin baƙi ne mai wari, gauraye da abin da ta ci. Muka same ta kwance a gefen wani rafi, hanji ya leƙo, idonta a buɗe tana kallonmu. Maimakon in ji tausayi, wallahi murna na yi, na ce wa aminina ya ga aikin lissafi. Ya zare wuƙa ya ce in duba masa alƙibla. Na rataye bindigar a gwiwar hannu na ciro waya ina juya ta, shi kuma ya zagaya ta wajen kai ya kama ƙaho ɗaya don ya juyar da ita gabas, kamar yadda ya yi wa raguna dubu.

Barewa ba rago ba ce. Ta miƙe da shi gaba ɗaya. Na ji ƙarar da ƙahon ya yi da ya huda wandonsa ya shige cinya, ta ɗaga shi ta maka da ƙasa, ta hau shi da kofato tana sara. Wuƙar ta faɗa ruwa. Fuskarsa ta tsage daga gira zuwa kunne, jini ya rufe masa ido, ya riƙe ƙahonin da hannu biyu don kada su shiga cikinsa, yana kiran sunan Allah yana kiran nawa. Na yar da waya. Ban auna komai ba, na kai bakin bindiga kusa da wuyanta, na yi bisimilla na ja kunama. A taku uku harsashin nan da na raina ba ƙarami ba ne. Ya ratsa wuyan ya fita ta ɗaya gefen, ya farfasa wuyan hannun aminina na dama. Dabbar ta faɗo a kansa tana shure-shure, shi kuma ya ɗaga abin da ya rage na hannunsa yana kallo, bai ko yi ihu ba.

Na ɗaure masa dantse da bel ɗina, na toshe cinyar da hulata, na ja shi a ƙasa har inda manomin ya iya shigowa da mota. A asibiti likitoci suka ceci ƙafar, suka ceci babban yatsa da manuni, sauran uku suka tafi, wuyan hannun kuma ya sandare. 'Yan sanda da jami'an daji suka karɓe bindigar, daga baya aka soke izinina. Aminina ya gaya musu cewa da ban harba ba da gawarsa za su ɗauka. Da na shiga ɗakinsa ya dube ni da ido ɗaya ya ce to, Alhaji, yau dai mutumin Nijar ya samu abin da ya harba. Shi ya yi dariya, ni na fita waje na yi kuka.

Bayan mako biyu na je wurin limamin masallacin da muke sallar Juma'a na ba shi labari duka. Ya tambaye ni wa ya ce mini abin da mafarauci ya harbe mushe ne. Ya ce dabbar daji da ba a iya kamawa, in ka ambaci sunan Allah ka harbe ta ta mutu da harbin, ta halatta. Yanka sai in ka tarar da ita da sauran rai. Ya ce abin da addini ya hana shi ne wanda na yi, azabtar da dabba da gangan. Ya ƙara da cewa tambayar ba ta fi minti ɗaya ba, kuma kowace Juma'a ina wuce shi. Ashe tsohon Baturen nan ya fi ni kusa da shari'a.

Yanzu aminina yana zama a gaban shagon yana miƙa wa mutane leda, wasu ke riƙe wuƙa. Duk Babbar Sallah ni nake kayar masa da ragonsa, ya ɗora hannun hagu a kan nawa mu yanka tare. Matarsa tana amsa gaisuwata, amma ba ta sake kallon fuskata ba. Ina kira ga 'yan'uwa masu sha'awar farauta a ƙasar nan: ku sayi bindigar da za ta kashe, ku tsaya a iyakar da aka faɗa muku, kada ku kusanci dabba mai rauni ta wajen kai, kuma abin da ya shafi addini ku tambayi masu shi.

Ga abin da na fito da shi daga daji. Harsashi biyu na harba, na farko ya yaga cikin dabbar da ba ta yi mini komai ba, na biyu ya raba mahauci da sana'arsa. Bindiga ta tafi, yatsu uku sun tafi. Naman kuwa, wanda limamin ya ce halal ne tun da wuyanta na harba da sunan Allah a bakina, a bakin rafi ya ruɓe, ko tsoka ɗaya ba wanda ya ci.