Jar Ledar Kunun Yara

Har gobe ban taɓa mantawa da ranar da muka sa wa matan Sabon Gari hular wayoyi ba. Lokacin ina ƙaramar jami'ar bincike a wani kamfanin talla, shekarata ta biyu da kama aiki. Aikina shi ne in nemo mutanen da za a gwada talla a kansu, in yi musu bayani da Hausa, in cika fom.

Wani kamfani mai yin garin kunun yara ne ya ba mu aiki. Ya zana leda kala uku, yana son sanin wadda za ta fi jan hankalin iyaye mata. A da, tara mata muke yi mu tambaye su. Wannan karon manajan bincike, wanda kowa ke kira Oga, ya taso daga Legas da sabbin kaya: hula mai wayoyi da ke ɗaukar motsin ƙwaƙwalwa. Ana nuna wa mutum hoto, kwamfuta tana zana layi. In layin ya yi sama, wai abin ya taɓa shi ke nan.

"Saratu, an daina tambayar mutane," in ji Oga. "Baki yana ƙarya. Wannan kuwa kai tsaye take shiga cikin kai."

Muka kama ɗaki a wani masauki a Samaru. Ranar Litinin muka gwada na'urar a kan ɗalibai, don su ko tukunya ka kifa musu a kai ba ruwansu, muddin akwai lemo da cincin. Ranar Laraba na kwaso mata daga kasuwar Sabon Gari da Jushi a keke napep. Sai da na yi ta lallashinsu kafin suka yarda suka cire ɗankwali aka shafa musu wani mai mai sanyi a tsagin kitso.

Cikinsu akwai Mama Rifkatu, mai sayar da kayan miya, shugabar zumuntar mata a cocinsu. Tana zama ta ce, "'Yata, in abin nan yana karanta tunani, ki gaya wa oganki kada ya ji haushin abin da zai gani."

Aka nuna koriyar leda, layi yana kwance. Aka nuna shuɗiya, bai motsa ba. Da aka nuna ja mai ratsin baƙi, sai layi ya yi tsalle. Haka ya yi ta yi a kan kusan kowace mace. Oga har da miƙewa tsaye yana tafi.

Ina goge wa Mama Rifkatu kai sai ta rage murya. "Wai wannan jar ledar, ta mece ce?"

"Kunun yara ne, Mama."

Ta riƙe baki. "Kunun yara? Ni na ɗauka maganin ɓera ne! Sak irin wanda ake sayarwa a bakin kasuwa. Ko kyauta aka ba ni, ba zai kwana inda jikokina suke ba."

Na je na gaya wa Oga. Ya juyo mini da kwamfutar. "Dubi layinta. Nata ma ya fi na kowa tashi."

"Ranka ya daɗe, ai ko maciji ta gani zai tashi."

Ya yi dariya, ya ce irin wannan surutun ne ya sa aka ƙirƙiro na'urar, kada in ɓata masa rahoto. A shafin ƙarshe na fom ɗinmu akwai wani ɗan gurbi na ƙarin bayani wanda ba mai karantawa. Nan na rubuta maganarta, na sa hannu.

Aka buga jar leda aka cika shaguna. Wata uku kaya na zaune. Da idona na ga wani mai shago a Hanwa ya jera su a ƙasan kanta, kusa da maganin sauro. Sai ga takardar tuhuma daga hedikwata, da sunana a kai: wai ni ce ban zaɓo matan da suka dace ba, in ba da amsa cikin kwana uku ko in ajiye aiki. Na nemo kwafin shafin nan na ƙarshe, na liƙa a bayan amsata na aika.

Ba a kore ni ba, ba a kuma ba ni haƙuri ba. Oga ya sa kwat ya je wurin masu kunu, ya ce da ya zurfafa nazarin layukan ya gano cewa tashin nan na tsoro ne, domin ledar ta yi kama da ta guba. Suka yaba da ƙarfin kimiyya, suka ba mu sabuwar kwangila, shi kuma aka ƙara masa girma. Ni aka ƙara mini aiki: duk wadda aka cire wa hula, in zauna in tambaye ta abin da ta gani. Har wani dogon suna na Turanci aka raɗa wa wannan sabuwar dabara.

Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, kada ku raina na'urar, don ba ta yi ƙarya ba. Ta ce gaban mata ya faɗi, kuma ya faɗi. Dalilin faɗuwar ne ba ta sani ba, shi kuwa yana bakin wadda ke zaune a gabanku. Sai dai ku sani, a sana'armu maganar mai kayan miya ba ta zama gaskiya sai ta bi ta cikin kwamfuta ta fito da Turanci.