Makullin Banɗaki

Shekarar da 'yan uwanmu na ƙauye suka gudo Maiduguri, gidana na Bulabulin mai ɗaki uku sai da ya ɗauki mutum goma sha huɗu. Cikinsu har da goggona, ƙanwar mahaifina, wadda ta iso da ƙafa a kumbure, ba ta riƙe da komai sai buta da carbi. Banɗaki ɗaya ne a gidan, kullum da safe layi ake yi.

A cikin wannan cunkoso ne ciwon marar 'yata ya tsananta. Ita kaɗai Allah ya ba ni, lokacin tana shekarar farko a jami'a. Da ma tun da ta fara al'ada takan yi murƙususu, ina ce mata kowace mace haka take yi, ta sha ruwan zafi ta tashi. Amma yanzu abin ya wuce nan. Sai ta duƙunƙune a tsakar ɗaki tana haɗa zufa, tana cewa, "Mama, bayana, cinyata." In ta shiga bayi kuwa, sai an riƙo ta take fitowa.

Ni malamar firamare ce, kuma Allah ya yi ni da saurin yanke hukunci. Na je wurin wani mai kemis, bai ma bari na gama bayani ba ya ce sanyi ne, na masai, wai duk garin da shi ake fama tun da aka cika. Wallahi daɗi na ji, don na samu inda zan ɗora laifi. Na kwaso kafso da allurai, na haɗa da bagaruwar da za ta riƙa zama a ciki. Bayan mako guda ta miƙe ras, na ce ka ji magani. Da wata ya zagayo ciwo ya dawo, na ce ai dole, tunda ba a daina shiga mata banɗaki ba.

Sai na sayo kwaɗo na garƙame ƙofar. Makulli ɗaya a wurina, ɗaya a wurinta. Sauran mutanen gida, manya da yara, suka koma zagayawa wani kango a bayan layinmu, kuma dole su gama kafin dokar hana fita ta kama. A gidana suke ci, me za su ce?

Goggo ce kaɗai ta yi magana. Wata rana da la'asar ina tsintar shinkafa ta zo ta zauna kusa da ni, ta fara da Barbarci tana haɗawa da 'yar Hausarta.

"'Yata, ciwon yarinyar nan ba na banɗaki ba ne. Kusa da ita nake shimfiɗa sallayata. Kwana biyu kafin ta ajiye salla, a zaune take yi, ba ta iya ruku'u. In ta yi wanka da kwana kaɗan, sai ta koma tsayuwa. Wata uku ke nan ina lura. Da wata ciwon yake tafiya. Ki kai ta a duba."

Ko ɗaga kai ban yi ba. Na ce, "Goggo, a wace makaranta kika karanta likita?"

Ta ce, "To." Ta ɗauki butarta ta nufi kangon.

Mako bai zagayo ba ta ce za ta koma sansanin 'yan gudun hijira, wai mutanen garinsu duk suna can. Na san ba shi ne dalili ba, kuma ban hana ta ba. Sauran ma suka bi ta ɗaya bayan ɗaya. Gida ya koma daga ni sai 'yata, banɗaki fes, ciwo kuma yana nan yadda yake. Ni kuwa na ƙi yarda, na ce sanyin ne ya riga ya yi jijiya. Fiye da shekara ina ɗura mata magani.

Ranar da ta yanke jiki ta faɗi a ɗakin jarrabawa aka kai ta asibiti. Wata likitar mata ta zaunar da mu, ta yi ta tambaya. Akwai zazzaɓi? Babu. Akwai ruwa mai wari? Babu. Zafin fitsari fa? Shi ma babu. Ta ce da sanyi ne, da yawanci an ga wani abu cikin waɗannan, kuma ba a masai ake ɗaukarsa yadda mutane ke faɗa ba. Sannan ta ce, "Yaushe ciwon yake zuwa?"

'Yata ta ce, "Kwana biyu kafin in ajiye salla. Kaka ce ta fara lura."

Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Likitar ta ce tana zargin endometiriyosis, wato wani abu irin shimfiɗar cikin mahaifa ne ke tsirowa a wajenta, duk wata yana kumbura yana zubar da jini a inda ba shi da hanyar fita. Hoto ya nuna ƙullutu a ma'ajiyar ƙwai ta hagu. Da aka yi aiki aka tabbatar, kuma sai da aka cire ma'ajiyar gaba ɗaya. Ta ce ɗayar tana nan, haihuwa ta Allah ce, amma da an zo da wuri wataƙila da ba a kai ga haka ba. Ban yi mata musu ba. Ni na san wa ya hana a zo.

Da aka sallame mu na sayi turmin atamfa da goro, na hau keke napep zuwa sansanin. Duk hanya ina shirya yadda zan durƙusa in ce Goggo ta yafe mini. Wata tsohuwa da suka zauna rumfa ɗaya ce ta tare ni. Ta ce Goggo ta rasu tun da damina, 'yan uwanmu sun riga sun watse daga sansanin, su kuma ba su san gidana ba balle su aiko. Ta shiga ta ɗauko butar nan ta miƙo mini.

Na tambaye ta ko Goggo ta taɓa yin maganata, ko ta ce na yi mata wani abu. Ta ce a'a, ba ta taɓa ji ba. Abin da dai takan tambaya, duk wanda ya zo daga cikin gari, shi ne ko jikar tata ta fara iya salla a tsaye.