Shayin Tarwaɗa

Ruwan gamji idan yana tafasa yana da wani wari, tsakanin na ɗanyen ganye da na madarar da ta kama tukunya. Shi na fara shaƙa tun daga zaure ranar da na sauka Bungudu hutun bazara, ina da shekara goma sha biyu, tun ba a samu mulkin kai ba. A lokacin ina makarantar kwana ta 'yan mata. Mahaifina akawu ne a tashar jirgin ƙasa ta Gusau, shi ne ya saka ni a mota da tsarabar surukinsa, sabulu sanda ɗaya da kantun sukari a naɗe cikin shuɗiyar takarda.

Kakana na wajen uwa mutumin fatsa ne, mai kamun kifi da ƙugiya. Da bazara ƙasa takan bushe, tana ta nutse can inda fartanya ba ta kai, sai ya yi tasa tanar da hannunsa. Yakan sari jikin gamji, ya tari farin ruwan a ƙoƙo, ya dafa shi har ya zama danƙo mai laushi, sannan ya murza shi tsakanin tafukansa ya fito siriri mai lanƙwasa. In aka soke shi a ƙugiya a matsayin koto aka ja a hankali, sai ka rantse mai rai ne.

"Uwargida, kin iso?" in ji shi, yana zaune gaban murhu. "Na ɗauka wani ɗan tasha ya ƙwace mini ke."

"Da ya fi mini tsoho mai ƙarnin kifi," na ce.

Ya yi dariya har da tari. Sannan ya faɗi maganar da na shekara uku ina roƙo: gobe da hantsi za mu gurbin da ke ƙarƙashin dutse, inda tarwaɗa ke taruwa in kogi ya janye, kuma ni zan riƙe sanda. Kawuna, babban ɗansa, shi ke hanawa kullum, wai kogi ba wurin ɗiya mace ba ne. Inna mahaifiyata kuma ta riga ta gaya mini wannan ne hutuna na ƙarshe na yawo, baɗi na zama budurwa. Na san idan goben nan ta wuce ni, shi ke nan.

Aka kira la'asar. Kaka ya miƙe ya bar mini tukunyar.

"Daka kantu, cikin tafin hannu guda, shi yi laushi kamar kwalli. Ki cuɗa tun danƙon na da ɗumi, ki murza kamar yadda kika gani."

Kantu ɗaya na sani a duniya, wanda mahaifina ke fasawa a shayi. Ga shi kuwa ni na kawo shi da hannuna. Ban ma yi mamaki ba. Na ce a raina, ashe kifi ma yana son zaƙi, har abin ya ba ni sha'awa, ina tunanin tarwaɗa can cikin duhun laka tana lasar gashin bakinta. Na daka, na cuɗa, na murza guda goma sha huɗu. Ban taɓa yin aiki da natsuwa irin ta ranar ba. Na yi wa kowace 'yan zobba a jiki da tsinken tsintsiya, abin da Kaka ma ba ya yi. Na jera su a faifai, na rufe da wani faifan, na ajiye a gindin rumbu.

Da safe Kawu ne ya ɗaga faifan. Ba a ganin danƙo don kiyashi. Sun yi baƙi ƙirin, layinsu ya taso tun daga bakin katanga. Tanata duk sun yi gumi, sun manne da juna. Ya lakato ɗaya ya ɗanɗana, ya tofar, sai ya kece da dariya.

"Baba, zo ka gani! Ɗiyar boko ta haɗa ma tarwaɗa shayi. Saura kofi da cokali!"

Ya shiga ɗaki ya fito rungume da wani abu mai tsini, ruwan toka, ya dangwara shi a gabana.

"Wanga shi a kantu, malama. Gishiri! Kifi in ya ciza ya ji gishiri sai shi riƙe, ba ya tofarwa. Shi ka ja da koto ƙasa. Ɗan yaye ma ya sani a garin ga. Ku mi aka koya muku can, in ba 'yas' da 'no' ba?"

Matan gida suka fito, maƙwabta suka leƙo ta kan danga. Ya maimaita maganar shayin sau uku, kowane zuwa da ƙari, har tarwaɗa ta koma Baturiya mai jiran kuku.

Ni ba mai faɗa ba ce. Ko a makaranta an san ni da zama gefe ina kallon gajimare. Amma ran nan sai da na ji kunnuwana suna zafi. Wa ya ce mini gishiri? Wa ya taɓa nuna mini shi a dunƙule? A gidanmu a gwangwani yake zuwa, fari, a niƙe. Kalma ɗaya ce da abu biyu, an ba ni ita ba a rarrabe ba, sannan a tara mini gari.

Na ce, "Kawu, gamjin yana nan. A sake sara, kafin azahar na gama wasu."

"Danƙon kwana uku kika ɓata. Motar Gusau na tashi da hantsi, ɗauko ƙunshinki."

"Hutuna saura mako biyu!"

"Ki ƙarasa shi wajen masu shayi."

Na juya wajen Kaka. Shi ne mai gida, shi ya yi mini alkawari, shi ya faɗi kalmar. Baki ɗaya zai buɗe magana ta mutu. Yana zaune a kan buzu, kansa a sunkuye, yana murza wata tanar a yatsunsa, kiyashi na hawa hannunsa bai kaɗe ba.

"Bi kawunki, uwargida," ya ce.

Wannan ta fi dariyar Kawu ciwo. Na ɗauki ƙunshina, ban durƙusa na yi masa sallama ba. A mota har Gusau ina ta tsara maganganun da ya kamata in faɗa, masu kaifi, waɗanda ba su zo mini ba sai da aka wuce gonakin auduga. Ina ganin sa a raina yana zaune a kan dutse da sandarsa, hankali kwance, tarwaɗa na ta faɗa masa. Na koma makaranta na daina sa sukari a koko, 'yan ɗakinmu suka ɗauka wani sabon tsoron Allah ne. Da aka kai mu gaisuwar salla na gaishe shi a taƙaice. Ya ce "uwargida", na ce "ina kwana". Shekara biyu bayan haka ya rasu, ban sauko daga fushina ba.

Bayan shekaru, ina koyarwa a Tsafe, Inna ta zo mini kwana biyu. Muna gyaran busasshen kifi na ba ta labarin kamar jiya aka yi. Ta ajiye kifin da ke hannunta. Sannan ta gaya mini cewa a waccan shekarar yanar ido ta riga ta rufe idon Kaka, yana ɓoyewa. Ba ya ganin bakin ƙugiya, kuma ya taɓa zamewa a gaɓar kogi, shi ya sa Kawu ya hana shi zuwa. Da ƙyar Kaka ya shawo kan Kawu, a kan cewa ni zan riƙe masa hannu in soka masa koto. Ran nan bai je gurbin ba, bai kuma sake zuwa ba har ya bar duniya.